Amanar Mai Zama Gefen Alƙali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya haramta wa kansa zalunci, ya kuma haramta shi a tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar da za a kafa ma'auni.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, abin da nake so mu duba a wannan mako shi ne halin mutumin da ba alƙali ba ne, bai kuwa nemi alƙalanci ba, amma a wayi gari an zaunar da shi cikin kotu, an ce ya saurari shari'ar wani bawan Allah da ake tuhuma da laifi, sa'an nan ya faɗi abin da ya gani. A Ingila da Amurka wannan kaya yana iya faɗa wa kowa, har da 'yan'uwanmu Hausawa da suka daɗe a can. A nan Arewa ba mu da irin tsarinsu, amma muna da makamancinsa, ni ma na taɓa ɗaukarsa a nan ƙasar Zazzau. Abin da zaman ya koya mini shi ne, sani iri biyu ke bin mutum zuwa kotu. Akwai sanin gari, akwai kuma jita-jitar gari. Na farko amana ce, lalle ne a kai shi gaban alƙali. Na biyu kuwa wajibi ne a tuɓe shi a bakin ƙofa tare da takalmi.

Yadda abin yake a ƙasashen Turawa

Turawa suna kiran nasu tsari juri. A Ingila, idan za a yi shari'ar babban laifi kamar kisan kai, akan zaɓo mutum 12 ta hanyar ƙuri'a daga cikin rajistar masu zaɓe, 'yan shekara 18 zuwa 75. A cikinsu akan sami direba, da malamin makaranta, da mai shago, da matar aure. Joji yana bayyana musu doka, su kuwa aikinsu ɗaya ne, watau su saurari shaidu, su keɓe a ɗaki, su fito su ce mai laifi ne ko ba shi da laifi. Tun daga 1967 dokar Ingila ta yarda da hukuncin mutum 10 daga cikin 12 idan an kasa haɗuwa. A Amurka kuwa, a 2020 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa ba a kama mutum da babban laifi sai bakinsu duka ya zo ɗaya.

Asalin abin yana da nisa. A 1166 Sarki Henri na Biyu ya umarta a riƙa rantsar da mutum 12 daga kowane yanki su faɗi waɗanda ake zargi da ɓarna a cikinsu. Wanda aka ambata sai a jefa shi ruwa a ɗaure don a gwada gaskiyarsa, ko a wasu shari'u a sa shi ɗaukar jan ƙarfe, kamar dai shan gwaska da aka sani a wasu ƙasashenmu a da. Da majalisar Coci ta hana limamanta sa hannu cikin wannan gwaji a 1215, sai aka koma ga tambayar maƙwabta. A 1670 aka tsare waɗansu 'yan juri ba ci ba sha, aka ci su tara, saboda sun ƙi kama wani mai wa'azi, Wiliyam Pen, da laifin da hukuma ke so. Ɗaya daga cikinsu, Edward Bushel, ya ƙi biyan tarar, ya kai ƙara, aka yanke cewa ba a hukunta ɗan juri saboda abin da zuciyarsa ta natsu da shi.

Wani abin sha'awa kuma, malamanmu na Malikiyya a Magrib, musamman a birnin Fas, sun yi aiki da abin da suke kira lafifi, watau idan ba a sami adilai biyu ba, a karɓi shaidar mutum 12 daga gama-garin jama'a. A 1999 wani malamin shari'a a Amurka, John Makdisi, ya rubuta cewa daga nan Ingilishi suka samo juri, ta hanyar tsibirin Sisili wanda Musulmi suka mulka kafin Normawa su karɓe shi. Masana tarihi da yawa ba su yarda da shi ba. Abin lura a wurina dai shi ne juyin da ya auku. A da ana ɗauko mutanen ne domin sun san wanda ake tuhuma, sun san labarin. Yau kuwa wanda ya san shi sai a sallame shi, kuma tun 2015 laifi ne a Ingila ɗan juri ya shiga intanet yana binciken shari'ar da yake saurare, har yana iya shan ɗaurin shekara 2. Sai da suka yi ɗaruruwan shekaru kafin su gane cewa abin da maƙwabci ke kira sani, sau da yawa ji ne kawai.

Namu tsarin

A Musulunci hukunci na alƙali ne shi kaɗai, amma ba a so ya zauna shi kaɗai. Sidi Halil ya ambata a cikin Muhtasar cewa alƙali ya halarto da malamai majalisarsa ko ya shawarce su, ya kuma zaunar da shaidu domin su kiyaye abin da masu shari'a suka furta. A kan haka magabatanmu suka ginu. Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, an haɗa shi da ɗakin shari'a, domin mai hukunci ya riƙa tuna gaban wa zai tsaya. Alƙalan da suna zama da muhutai, malamai masu duba littafi su ba da fatawa, Sarki kuma yana da majalisarsa ta shari'a inda ake kai maganar jini. Juri irin na Turawa a Ikko aka taɓa yinsa, can ma an daɗe da soke shi.

Da mulkin kai ya gabato, a 1958 gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. A cikinsu akwai Mai shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Landan, da Wazirin Borno Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Babban Alƙalin Bida Malam Musa. Daga shawararsu aka yi kundin laifuffuka da hukuncinsu na 1959, wanda jama'a ke kira Final Kod, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960. Mu mutanen Tudun Wada abin ya faru a idonmu, domin a nan Kongo, maƙwabciyarmu, aka riƙa tara alƙalai daga lardunan Arewa ana koya musu sabon kundin.

Bayan haka sai Dokar Kotunan Yanki ta 1967, wadda ta fara aiki a 1968, ta ɗauke kotuna daga hannun En'e, ta kuma rufe kotunan sarakuna. Dokar ta yarda kotun yanki ta zauna da mashawarta ko ba tare da su ba, ta kuma faɗa ƙarara cewa shawara ce tasu, ba su da ƙuri'a a cikin hukunci. Jama'a suka ci gaba da kiran irinmu muhutai, ko da yake ba mu kai ƙurar muhutan da ba a wajen ilmi. Haka aka tafi a Jihar Kaduna har 2001, lokacin da aka soke kotunan yanki, aka kafa kotunan Shari'a da na gargajiya a madadinsu.

Shari'ar buhu goma

A ƙarshen shekarun 1980 ina malamin Arabiyya a makarantar firamare, sunana ya shiga cikin waɗanda aka amince su zauna da alƙali a wata kotun yanki. An dube ni ne ta fuska biyu, ɗan karatun zaure da na yi, da kuma cewa a rumfar hatsi ta mahaifina na tashi a kasuwar Tudun Wada. Mu biyu ne, ni da wani dattijo da ya girme ni a shekaru da karatu, Allah ya jiƙansa.

Wata Litinin aka kawo wani saurayi, bai wuce shekara 22 ba, yaron wani Alhaji mai sayar da hatsi. Alhaji ya tafi aikin Hajji ya bar masa sito da buhunan masara da ya sayo daga Giwa da Soba. Da ya dawo aka yi lissafi, buhu 60 sun fita, kuɗin 50 kawai ke hannu. Aka tuhume shi da cin amana a ƙarƙashin sashe na 312 na tsohon kundin, wanda ɗaurinsa ke iya kai shekara 7. Mai gabatar da ƙara ya kawo shaidu uku, da wata takarda da Turanci mai ɗauke da dangwalen yatsan yaron, wai ya amsa laifinsa.

Tun kafin in shiga kotu na riga na ji labarin, domin Tudun Wada ba ta ɓoye magana. Daga Ƙofar Doka har gadar Kubanni, a majalisa da bakin masallaci da wurin mai shayi, an gama shari'ar an yanke hukunci. Hujjar gari ɗaya ce. Uban yaron ya taɓa shan ɗauri a kan sata shekaru da yawa da suka wuce, saboda haka barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wani ya ce an gan shi da sabon agogo. Wani ya ce yana neman aure. Duk wanda na tambaya ko shi ya gani da idonsa, sai ya ce a'a, amma ai kowa ya sani.

Daren da aka fara sauraron shaidu, bayan lisha, wani ɗan'uwan mai ƙara ya yi sallama da ni a zaure, ya ajiye ƙwaryar goro da turmin shadda. Ya ce, "Malam, tsarabar Makka ce, Alhaji ya ce a kawo maka." Na ce, "Madalla, Allah ya karɓi ibada. Amma shekara nawa Alhaji yana zuwa Makka, tsarabarsa ba ta taɓa sanin ƙofar gidan nan ba sai bana. Ka mayar masa, in an gama shari'a ni zan zo in yi masa barka da sauka." Ba ƙarfin halina ba ne ya sa na faɗi haka. Tsoro ne, domin na karanta labarin ma'aikacin zakka Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa faɗa a kan kyautar da ya karɓa a bakin aiki, yana nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna ba wanda zai kawo masa. Hausawa ma sun ce idan baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Da safe na sanar da alƙali, ya rubuta.

Shaidun nan uku, da aka bi su a hankali, ba wanda ya ga buhu ya fita da dare ko ta bayan gida. Na farko ɗan Alhaji ne na cikinsa. Na biyu ɗan dako ne da ke ci a gidan Alhaji. Na uku maƙwabcin rumfa ne, abin da ya sani shi ne lissafi bai cika ba, wannan kuwa yaron ma bai musa ba. A fiƙihunmu ba a karɓar shaidar ɗa domin amfanin ubansa, ko ta wanda ke cikin ciyarwar mutum, saboda tuhuma. Masu tarihi suna ba da labarin Alƙali Shuraihu da ya ƙi karɓar shaidar Hasan domin mahaifinsa Sayyidina Aliyu a kan wani sulke, alhali Aliyu ne Halifa. Dokar boko ba ta hana irin waɗannan ba da shaida ba, amma ta bar wa kotu ta auna nauyinta.

Da aka ba yaron dama, sai ya ce da muryar da ba ta fita sosai, "Allah ya gafarta Malam, bashi na bayar, yana nan a bango." Mutane suka yi dariya, ɗan sandan kotu ya tsawata. Ni ban yi dariya ba, domin na san bangon da yake nufi.

Ga yadda abin yake ga wanda bai san kasuwar hatsi ba. Matan kulle masu tuwon sayarwa da koko ba su da jarin sayen buhu. Kullum sai su aiko yara da kwano a auna musu tiya biyu ko uku, in sun sayar su biya, wani lokaci a mako, wani lokaci sai an kwashe adashi. Mai rumfa ba ya rubuta wannan a littafi. Bayan ƙyauren sito yake jan layi da gawayi, kowane gida da gurbinsa, kowane layi tiya ɗaya, in an biya a goge. Na yi shekaru ina jan irin wannan layi a rumfar mahaifina. Alƙalinmu malami ne ƙwararre, amma ba ɗan kasuwa ba ne, kuma ba a garin ya tashi ba. Na nemi izini na ce, "Allah ya gafarta Malam, abin da yaron nan ya faɗa al'ada ce sananniya a wurin masu hatsi. Ko gaskiya ya faɗa ko ƙarya, bangon zai nuna, gani kuwa ya kori ji."

Alƙali ya ɗage zama, washegari kotu ta tashi ta tafi sito, da mai ƙara da wanda ake ƙara. Aka tura ƙyaure, sai ga layukan gawayi jere, gida 14. Aka ƙirga, aka sami tiya 320, watau buhu 8 a lissafin tiya 40 kowane buhu. A sama da su akwai tsofaffin layuka da suka dushe. Alƙali ya tambayi Alhaji na wane ne, ya yi shiru, sa'an nan ya ce nasa ne, shi ya fara ba waɗannan gidaje bashi tun yaron bai zo ba. Aka aika wa gidajen. Mazaje da yaran da ke karɓo awo suka zo, da tsofaffi mata biyu, suka amsa bashin ɗaya bayan ɗaya. Da aka tambaye su abin da ya hana su magana tuntuni, wasu suka ce tsoron kotu, wasu suka sunkuyar da kai. A raina na ce, wanda ake bi bashi ba ya ƙin a ɗaure mai littafi. Allah kuwa ya hana ɓoye shaida a ƙarshen Suratul Baƙara, ya danganta zunubin da zuciyar mai ɓoyewa.

Inda muka saɓa

Saura buhu 2. A nan ne ni da abokin zamana muka rabu, kowa kuwa da hujjarsa. Shi ya ce a kama yaron da cin amanar buhu biyun. Ya ce ga takardar amsa laifi, ga kuma asalin gidan da ya fito. Yaron ya ce an mare shi ne aka danna yatsansa a kan takardar da bai iya karantawa ba, amma dattijon ya kawo maganar Imamu Sahnunu, cewa ana aiki da iƙirarin wanda aka tsananta wa idan sananne ne da ɓarna. Ba don son zuciya ya faɗa ba. Yana ganin idan aka saki irin wannan, ba mai sake barin dukiyarsa a hannun yaro ya tafi Makka da kwanciyar rai.

Ni kuwa na ce, maganar da aka ruwaito daga Imamu Malik a cikin Mudawwana ita ce ba a kama mutum da abin da ya furta cikin tsoro, dokar boko ma ba ta karɓar iƙirari sai na ganin dama. Ko da an bi Sahnunu, sharaɗinsa shi ne wanda ake tuhuma ya zama shi ne sananne da ɓarna, wannan yaro kuwa shekara 5 yana riƙe da mabuɗi ba a taɓa kuka da shi ba. Laifin uba ba ya bin ɗa, Alƙur'ani ya maimaita wannan a wurare da dama. Takardar kuma cewa ta yi ya sace buhu 10, ga shi bango ya ƙaryata 8 daga ciki, to da wane dalili za a gaskata ta a kan sauran? Na ƙara da abin da na sani na sana'a, cewa buhun da aka sayar da awo ba ya cika tiya 40, saboda tozon da ake yi wa tiya, da gyaran da ake ƙara wa mai saye, da abin da ɓera da ƙwari suka ci, da wanda ya zube. Tiya 80 a cikin buhu 60 bai kai tiya ɗaya da rabi a kowane buhu ba. Ban ce na tabbata bai ɗauka ba. Cewa na yi ba a tabbatar ya ɗauka ba, kuma kawo hujja nauyin mai ƙara ne.

Akwai wata ƙa'ida ta mazhabarmu da na riƙe a ranar. Alƙali ba ya hukunci da saninsa na kansa, sai a wajen adalcin shaidu ko raunana su. Ko da idonsa ya ga abu a kan hanya, ba zai hau buzu ya yanke da shi ba, sai dai ya sauka ya zama shaida a gaban wani alƙali. To idan abin da alƙali ya gani da idonsa bai isa ba, ina ga abin da muhuti ya ji a wurin mai shayi? Al'adar bango da lissafin awo abu ne da na faɗa a fili, mai ƙara yana ji, yana da ikon musawa, ana kuma iya zuwa a gwada. Maganar agogo da neman aure da tarihin uba kuwa ba mai ita, ba a iya rantsar da ita, ba a iya yi mata tambaya. Wannan shi ne ma'aunin da ke raba sanin gari da jita-jitar gari.

Alƙali ya saurare mu duka, ya rubuta shawarar kowa. Ya juya ga mai ƙara ya yi masa i'izari, ko yana da sauran hujja, ya ce babu. Sa'an nan ya yanke cewa laifi bai tabbata ba, ya sallami yaron. Ya gaya wa Alhaji cewa in yana so ya shigar da ƙarar neman hakki a kan buhu biyun, amma ya sani amintacce ana gaskata shi da rantsuwa muddin ba a tabbatar da sakaci ba. Alhaji ya ce ya bar wa Allah. Lokacin yaron ya riga ya yi mako 7 a gidan waƙafi. Kotu ta wanke shi, amma bakin gari bai wanke shi ba. Aka ce an sayi shari'a, aka ce ai shari'a saɓanin hankali. Ba wanda ya sake ba shi mabuɗi, kafin kaka ta zagayo ya bar garin.

Abin da ya rage a wuyanmu

Wani zai ce, mai shawara ba shi da ƙuri'a, saboda haka ba shi da alhaki. Wannan kuskure ne babba. Hadisin Buraida ya kasa alƙalai uku, ɗaya ne kawai mai tsira, watau wanda ya san gaskiya ya kuma yi hukunci da ita. Wanda ya taimaka aka gane gaskiya yana da rabo a ladan, wanda ya yi shiru alhali ya san abin da zai warware matsala yana da rabo a zunubin. Da na kame bakina a ranar don kada in ɓata da masu kasuwa, ba alƙali kaɗai za a tambaya ba. Saboda haka ɗan'uwan da takardar juri ta iske shi a Landan ko Niyok, a ganina kada ya ɗauke ta wasa, kada kuma ya nemi hanyar zillewa da ƙarya. Tambayar da za a yi masa ita ce ko hujja ta tabbata, kuma kare marar laifi daga zalunci aikin lada ne a kowace ƙasa. Ya tuna cewa Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu kauce wa adalci, Suratun Nisa'i kuma ta umarce mu da tsayawa a kan gaskiya ko da a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi.

Malaman tafsiri sun kawo sababin saukar ayoyi na 105 zuwa gaba a Suratun Nisa'i. Wani mutum daga Banu Ubairiƙ a Madina ya saci sulke, aka jingina satar ga wani wanda bai ji ba bai gani ba, a wata ruwaya Bayahude ne. Dangin ɓarawon suka taru suka zo wurin Annabi suna wanke nasu, murya ta yi yawa a gefe guda. Sai Allah ya saukar da ayoyi daga sama domin ya wanke mutum ɗaya da gari ya taru a kansa. Yawan baki bai taɓa zama hujja ba.

A yau kuwa kusan kowa ya naɗa kansa ɗan juri, ba rantsuwa, ba alƙali, ba i'izari. A ɗora hoton mutum a Facebook ko WhatsApp da asuba, kafin azahar an gama da mutuncinsa. A yi ihun ɓarawo a kasuwa, kafin a tambayi abin da ya sata an kawo taya da fetur. A watan Oktoba 2012 haka aka kashe ɗalibai 4 a Aluu ta Jihar Ribas. A watan Maris 2025 haka aka kashe matafiya 16, mafarauta 'yan Arewa, a Uromi ta Jihar Edo. Mun yi kuka a kan na Uromi, kuma ya cancanci kuka. Amma lalle ne mu tambayi kanmu sau nawa muka yi wa na cikinmu irin wannan shari'a, da hannu ko da harshe. Suratul Hujurati ta umarce mu da bincike idan labari ya zo, ta kuma gargaɗe mu a kan yawan zato. Hausawa sun taƙaita, suka ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, ko a kotu aka zaunar da kai, ko a zauren mai unguwa, ko a kwamitin makaranta, ko tsakanin 'ya'yanka biyu, ka tambayi kowace magana wa ya gani, ka saurari ɓangare na biyu kamar yadda ka saurari na farko, kada ka yanke cikin fushi, abin da ka sani na gaskiya kuma ka faɗe shi a fili inda za a iya musa maka. Hadisin Ummu Salama ya nuna cewa hukuncin duniya bisa zahiri yake, wanda ya ci hakkin wani da iya baki, yankin wuta ya ɗauka. Abin da ya ɓoyu yana da ranarsa, yana da Alƙalinsa.

Allah ya jiƙan alƙalanmu da muhutanmu da suka riga mu, ya shiryi waɗanda ke kan buzu a yau, ya tsare harsunanmu daga mutuncin bayinsa, ya sa mu cika da imani. Amin.